Goggo Salamatu da Ƙwaryar da Ta Tafi Ostareliya

Mu duka na Allah ne, kuma komai daɗewa wurinSa za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran goggota, Salamatu mai zanen ƙwarya, a ɗakinta da ke Durba, bayan ciwon ƙirji da ya kwantar da ita tun cikin azumi. Ina cikin aji a Kibiya ina koyar da Turanci aka kira ni. Ko da na iso har an gama yi mata wanka, aka kai ta makwancinta bayan azahar.

Goggo, na san da kina nan kika gan ni da alƙalami, sai kin tsayar da ni kin ji wa zai karanta, a ina zai karanta, kuma me zai ƙaru da shi. Ban taɓa ganin mutum mai tambaya irinki ba. Mai haɗa sola da ya zo gidanki ya yi niyyar gamawa kafin azahar, sai la'asar ya samu kansa, domin sai da ya yi miki bayanin inda hasken rana yake ɓuya a cikin batir. Ko da aka kwantar da ke a asibiti, numfashi yana yi miki wuya, sai da kika riƙe hannun ma'aikaciyar jinya kika tambaye ta yadda ruwan leda yake sanin hanyar da zai bi a jikin mutum. Muna yara mukan gudu in mun dawo daga makaranta, don mun san sai mun maimaita miki karatun ranar kaf, ki kuma kama mu da abin da ba mu gane ba. Ina jin da wannan kika mai da ni malama, ba tare da kin taɓa zama a aji ba.

Amma akwai tambaya ɗaya da kika tafi ba ki ji amsarta ba, ita ce ko Inna Huseina ta yafe miki. Da ita kika kwana, da ita kika tashi a watanninki na ƙarshe. Saboda ita na zauna rubuta wannan, domin amsar ta zo bayan tafiyarki, kuma ina so waɗanda suka ji farkon maganar su ji ƙarshenta.

Ga wanda bai san ki ba, mu Fulani ne, amma tun zamanin kakanmu aka zauna a Durba aka kama noma, shanun da suka rage mana na huɗa ne. Ke kuwa sana'arki zanen ƙwarya. A fafe duma a kankare, ki jera wuƙaƙe a garwashi, in sun yi ja ki bi bayan ƙwaryar kina ƙona zane. Kin gaji zanen iyaye, mai layi-layi da kusurwoyi, kuma kin iya shi sarai. Rigimar biki ce ta sauya hannunki. A Durba in ana suna ko aure, kowane gida yakan kai gudummawar fura ko dambu, in an watse sai a rasa wannan ƙwarya ta wace ce, tunda duk zanen iri ɗaya ne. An sha yin gaba a kan masaki. Sai kika fara yi wa kowane gida shaida. Mace ta kawo miki aiki, ki ce mata, “Da me ake gane gidanku?” Masu injin markaɗe kika ƙona musu inji har da bel ɗinsa. Gidan Malam Mato tela keken ɗinki, gidan unguwarzoma sirinji. Akwai mai babur, akwai mai tantabaru, akwai gidan da kika zana wa bishiyar gwanda don ita kaɗai gare su, kuma sun fi kowa ji da tasu.

Ta Inna Huseina, keken guragu ne a jikinta. Inna Huseina maƙwabciyarki ce, katanga ɗaya, Bahaushiya, ƙawarki tun kuna amare. Ɗanta Alu shan inna ta kama shi yana ƙarami, ya tashi a kan keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, ya zama mai gyaran rediyo da tocila a kasuwar Kibiya. Duk baƙon da ya tambayi gidansu, ce masa ake ya nemi ƙofar da keke yake jingine. Alu ya rasu da ƙuruciyarsa, bai daɗe da yin aure ba, aka ba wani mabuƙaci keken. Ɗan fari ne, don haka uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, da ransa ko bayan ransa. “Mai Keke” take cewa, shi ma sai ya zama dole. Ranar da ya rasu ita ke miƙa wa masu gaisuwa ruwa, idonta a bushe. Kunya ba ta bar ta ta rataye hotonsa a ɗaki ba. Ƙwaryar dai ta koma can saman jerenta, ba a ƙara kai ta biki ba.

Bara, bayan an gama girbi, wani Malam Mukhtar daga cikin masu shirya baje kolin zane-zane da al'adu a birnin Kano ya samo lambata. Ya ji labarin akwai wata Bafulatana mai zanen ƙwarya a Durba, suna so ta zo ta nuna aikinta, har da baƙi daga ƙasashen waje. Kafin in gama faɗa miki kin amsa, don kina son ki ga yadda ake tara mutane su kalli abu kawai ba tare da an ci ko an sha ba. Matsalar ita ce ba ki da abin nunawa, duk aikinki yana gidajen mutane. Sai kika bi gida-gida kina aro, kowace mace kina ce mata amana ce, yadda kika karɓa haka za ki dawo da ita. Da kika shiga wajen Inna Huseina ba ki ma roƙi tata ba. Ita ce ta shiga ɗaki, ta daɗe, ta fito da ita a naɗe cikin wani tsohon zane ta miƙa miki ba tare da ta dube ki ba.

Ni na raka ki a matsayin tafinta. Muna shiga filin muka tarar an gina miki bukkar ciyawa, an shimfiɗa tabarma, an rataye sanda da malfa, ga wata saniyar katako a bakin ƙofa an shafe ta da fenti. Malam Mukhtar mutum ne mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ki. Amma da muka kwance buhuna ya ga inji da babur da sirinji, sai fuskarsa ta sauya.

“Hajiya, ina na gargajiyar? Baƙinmu na asali suke son gani.”

Ni raina ya ɓaci, na fara haɗa Turancin faɗa a cikina. Ke kuwa kin riga kin shige bukkar kina shafa ɗaurin ciyawar. Rabonki da bukka tun kina yarinya ana kai ki gaida dangi a ruga. Kika tambayi wanda ya gina ta, a ina ya samo ciyawar, kuma ta ina ruwa zai bi in an yi ruwan sama. Kika fito kika ƙwanƙwasa saniyar, kika ce wannan kam ba ta ɓarnar gona. Sannan kika dubi Malam Mukhtar da gaske, ba da gatse ba, kika ce, “Malam, ita ta asalin, a ina take markaɗen tattasai?” Ya yi dariya ya ce a jera su a gani.

Aka jera. Wasu suka leƙo suka wuce, wata ta tambaya ko babu mai hoton saniya. Wani mutum mai babbar riga ya ce, yana dariya, Fulanin yanzu ai bindiga ya kamata a zana musu. Na ji maganar har cikin ƙashina. Ke kuwa kika ce masa abin da ke ƙofar gida kike zanawa, kuma ba ki taɓa ganin wannan a ƙofar kowa a Durba ba, amma shi da me ake gane gidansu? Ya yi tunani, ya ce sai dai firijin da matarsa take sayar da ƙanƙara. Kika sa ya kwatanta miki shi, kika hura garwashi. Ya tsaya a rana har kika gama, ya tafi da ƙoƙonsa a hannu yana jujjuya shi.

A rumfar da ke kusa da mu akwai wata mata mai suna Doreen, daga Ostareliya. Dattijuwa ce mai jiki, kanta fal furfura, fatarta ba ta da nisa da tamu. Kika ce ke a saninki duk mutanen can Turawa ne. Na yi miki bayani cewa Aborijin ce, wato mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Da fenti da burushi take aikinta a kan manyan ƙyallaye. Ta zana layin marasa lafiya a ƙaramin asibitin garinsu, da 'yan mata cikin rigunan ƙwallo sun haɗa kai a kan waya ɗaya, da motar kawunta da ta mutu a bayan gida kaji suna kwana a ciki. Akwai hoton kanta tana tura keken sayayya a kanti, ta kafe mai kallo da ido. Masu kallo sai su zo su tambaye ta ina zanen ɗigo-ɗigon da aka san mutanensu da shi, ina kangaru, dabbar nan mai tsalle da aljihu a ciki. Har wani ya tambaye ta ko ita ta ainihi ce. Ta ce mana wancan zanen akwai masu shi, yana ɗauke da labarin ƙasarsu da kakanninsu, ita kuwa mutanenta na bakin kogi ne, in ta yi shi ta ɗauki abin wasu. Abin da take gani in ta buɗe ƙofarta da safe, shi take zanawa. Da na fassara miki kika tafa hannu kika ce ashe ita ma an gina mata bukka.

Tun daga nan bakina bai huta ba. Me suke ci? Suna kiwo? Wa ke yi wa jariri wanka? In an yi biki a me ake kai abinci? Kika tambaya ko Turawan da suka je musu sun tafi. Doreen ta ce suna nan, su ne ma suka fi yawa. Kika dube ta kika ce ashe namu da suka kama hanya sun yi mana kara. Ta ba ki burushi kika gwada, kika ce abin ya cika laushi, ba ya gardama da hannu. Kika ba ta wuƙa ta ƙone babban yatsa, kika shafa mata man shanu kina yi mata faɗa da Fulatanci, tana dariya. Ta koyi sunanki ta riƙa kiransa gaɓa-gaɓa, Sa-la-ma-tu, duk wanda ya zo rumfarta sai ta turo shi tamu. Kafin a tashi baje kolin, Malam Mukhtar da kansa ya sa aka janye saniyar katakon don ta tare wa mutane hanya.

Ranar ƙarshe da la'asar Doreen ta zo ta zauna a tabarmarmu tana ɗaukar ƙoren ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar wannan ta wane gida ce. Har ta zo kan mai keke. Na ce mata ta wata mata ce da ɗanta yake hawa irinsa, kuma ya rasu. Ta bi zanen da yatsa, ta rungume ƙwaryar a ƙirji, hawaye suka riƙa zuba. Kika dube ni in fassara, babu abin fassarawa. Sai na ji kin ce, “Ce mata ta riƙe.” Na matso na ce miki a hankali, Goggo, ta Inna Huseina ce fa. Kika ce kin sani.

Har yau ina juya wannan lokacin a raina, in gane me ya faru da ke. Ke da ba ki taɓa riƙe wa mutum ludayi ya kwana ba. Ina jin dai ba ki iya ganin baƙo yana kuka a tabarmarki ya tashi hannu wofi ba, hannunki ya riga tunaninki. A mota kuwa, tun daga Kano har muka wuce Rano ba ki yi tambaya ko ɗaya ba. Sai da muka kusa gida kika ce, “Maimuna, na yi kyauta da abin da ba nawa ba.”

Ko mayafi ba ki cire ba kika shiga wajen Inna Huseina, kika faɗa mata yadda aka yi ba ƙari ba ragi. Ta karɓi tsohon zanen da aka naɗo ƙwaryar a ciki, ta ninke shi, ta ce, “To.” Shi ke nan abin da ta ce. Daga ranar gaisuwa ce kawai ke haɗa ku. Kafar katangar da kuke miƙa wa juna wuta da ɗanɗanon miya, aka wayi gari an jingine mata langa-langa. Kika zauna kika zana wata sabuwa da ta fi ta farko kyau, kika aika mata. Ta dawo miki da ita cike da gero, don ba a mai da ƙwarya wofi, amma dai ta dawo da ita. Na ce bari in yi wa Doreen magana ta aiko, kika hana. Kika ce ba za ki iya ce wa matar da ta yi kuka a gabanki ta dawo da abin da kika ba ta ba. Kuma kin san dalilin shirun ƙawarki. In ta buɗe baki ta ce ga abin da ya yi mata zafi, ta faɗi son ɗan fari ke nan, abin da ba ta taɓa yi ba. Kika ce mini, “Wurin da take kallo na ɗauke mata.”

Da ciwo ya kwantar da ke, Inna Huseina ba ta fasa haƙƙin maƙwabtaka ba. Ita ke dama miki kunu, ta zauna wajen ƙafafunki tana yi miki fifita. Kin roƙe ta gafara a gabana, ta ce Allah Ya ba ki lafiya, ta gyara miki lulluɓi. A zuwana na ƙarshe kika jawo ni kusa kika ce, “Kina ganin ta yafe?” Na ce muna fata. Kika ce ba fata kika tambaye ni ba. Kin san haƙƙin mutum sai mai shi ya saki, kuma kina jin tsoron tafiya da shi.

Ranar jana'izarki liman ya aiko cikin gida cewa duk mai haƙƙi a kanki ya faɗa ko ya yafe. Mata suka amsa gaba ɗaya, mun yafe. Ni bakin Inna Huseina nake kallo, kuma bai motsa ba. Ita ce kuwa ta jagoranci wankanki. Na ji tsoro ƙwarai a ranar, Goggo, fiye da baƙin cikin rashinki.

Ana cikin zaman makoki na aika wa Doreen labarin rasuwarki ta waya. Ta maido da saƙon murya mai tsawo, tana kuka tana yabonki. Sai na lura da wani abu. Matar da ta iya sunanki har tana alfahari da shi, ko sau ɗaya ba ta ambace shi ba, “'yar'uwata ta Durba” kawai take cewa. Jininki ne a jikina, sai na tambaya. Ta ce a wajen mutanenta in mutum ya rasu akan daina kiran sunansa, a kawar da hotunansa, har sai manya sun ce ya isa. Sannan ta faɗi abin da ba ta faɗa mana a Kano ba. Tana da ɗa da haɗarin mota ya zaunar a keken marasa lafiya shekaru, ya rasu ana gab da tafiyarta Najeriya. Ba ta iya kiran sunansa, ba ta iya duban fuskarsa a hoto. Ƙwaryar nan kuwa babu fuska babu suna a jikinta, keke ne kawai, don haka ta ajiye ta a tagar kicin tana kallonta kowace safiya. A nan na saɓa miki, na faɗa mata gaskiyar ta wace ce da halin da kika tafi a ciki. Ta ce a ranar za ta naɗe ta ta aiko, in dai roƙa mata uwar yaron ta yi haƙuri.

Da safe na shiga wajen Inna Huseina, na tarar tana tsintar wake a tsakar gida. Na kunna mata muryar, ina tsayarwa ina fassarawa. Hannunta bai daina aiki ba har aka gama.

“Ba ta faɗin sunansa?”

“Ba ta faɗa, Inna.”

“Har yaushe?”

“Ta ce sai manyansu sun ba da izini. Wani lokaci akan yi shekaru.”

“Ita tana da rana ke nan.” Ta watsar da wani ruɓaɓɓen wake. “Kekensa irin na Mai Keke ne?”

Na ce a'a, nasa mai ƙafa huɗu ne, tura shi ake yi.

“Amma ta gane.”

“Ta gane, Inna.”

Ta ture faifan gefe ta karkaɗe zaninta. Ta ce in faɗa wa matar kada ta aiko, kuma ta ɗauke ta daga taga, rana tana tsaga ƙwarya. Ta ɗauki mayafi ta fita, na bi ta. Ta tsaya a bayan ƙofar zaurenki inda maza suke zaman gaisuwa, ta yi sallama, ta ɗaga murya yadda liman zai ji.

“Malam, ranar nan da ka aiko ban amsa ba. Ku shaida na yafe wa Salamatu, duniya da lahira.”

Aka shafa fatiha. Ta wuce ɗakinki ta zauna a gefen gadonki, ta yi kuka mai tsawo da sauti, irin wanda ba a taɓa jin ta yi ba a Durba. Matan da ke wurin suka sunkuyar da kai, babu wadda ta tambaye ta na wa take yi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, Malam Ramalan, da 'ya'yanki Jabiru da Lubabatu da A'isha, da jikoki, da dukkan danginmu na Durba da Kibiya da Rurum. Ina yi wa matan Durba gaisuwa, waɗanda kowace ta rasa mai tambayarta lafiyar gidanta ɗaki-ɗaki. Mun gode wa Malam Mukhtar da ya taso tun daga Kano ya zauna da mu wuni guda. Allah Ya jiƙan Alu, Ya ba mahaifiyarsa ladan haƙurin da ta daɗe tana yi. Allah Ya sanyaya wa Doreen zuciyarta.

Goggo, ta yafe, a gaban shaidu ta faɗa. Ya Allah, baiwarKa Salamatu ta zo maKa, mai haƙƙi ta sake ta, Kai ma Ka yafe mata abin da ke tsakaninKa da ita. Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sauƙaƙa mata tambaya, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu tafi babu nauyin kowa a wuyanmu. Amin.

Maimuna Isma'ila Durba
Kibiya